Hannun ƙofar jif ɗin Baffa

Wannan makon za mu ɗan ajiye biro da littafi mu ɗauki sifana, domin akwai wani aiki da muka yi a hutun da ya wuce wanda muke so mu ba ku labarinsa.

Baffanmu yana da wata tsohuwar jif 'yar Japan, ƙirar shekarar 2000, wato mu ma ta girme mu balle ku. Ita ce ke kwasar yaran gida biyar zuwa makaranta kowace safiya, ɗaya a gaba, huɗu a baya. A cikin hunturun bara, hannun ƙofar baya ta dama, wanda ake ja daga waje, ya ɓalle a hannun ɗaya daga cikin yaran. Aka yi masa faɗa sosai, aka ce garaje ne da shi, magana ta wuce. Tunda ƙofar tana buɗuwa ta ciki, sai aka saba: wanda ya fara shiga ta ɗaya ƙofar ya miƙa hannu ya buɗe wa saura. Haka aka yi wata huɗu. Kun dai san halinmu da abin da ya lalace amma bai hana tafiya ba.

Autan gidan ne ya mayar da abin babbar magana. Yaro ne ɗan shekara shida mai son taɓe-taɓe. A gefen ƙofar baya ta kusan kowace mota, wurin da ba a gani sai ƙofa tana buɗe, akwai wani ɗan ƙaramin maɓalli. In aka tura shi, hannun ciki ya daina aiki, sai dai a buɗe ƙofar daga waje. An yi shi ne don kada yaro ya buɗe ƙofa mota tana gudu. To, Auta ya gan shi ya tura, aka rufe ƙofa aka tafi. Da aka isa bakin makaranta aka ja hannun ciki, shiru. Na waje kuwa dama babu shi. Ƙofa ta koma bango.

Wani zai ce ai akwai ƙofar hagu. Akwai kam. Amma ku tuna tun ranar 2 ga Afrilun 1972 ake tuƙi a hannun dama a ƙasar nan, don haka in mota ta tsaya a bakin titi, ƙofofin dama ne ke kallon gefen hanya, na hagu kuma tsakiyar titi suke kallo. Kwana uku yaran nan suna sauka ta ɓangaren da babura da a-daidaita-sahu ke giftawa, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin da kowa ya makara. Kuma in da, Allah ya kiyaye, an yi haɗari ƙofar hagun ta danne, da yara huɗu ba su da mafita sai ta gaba.

Baffa ya ce ranar Asabar zai kai wa fanel bita. Mu da ƙanwarmu, wadda ke aji biyar na sakandare kamar wasunku, muka matsa kusa.

"Baffa, a ba mu dama mu gwada mana."

Ya dube mu ya yi dariya. "Ku da ko faci ba ku taɓa yi wa tayar keke ba? To, ga makulli nan. In kun ɓata, ku za ku biya."

Kafin mu taɓa komai sai da muka je wurin wani dattijon fanel bita da ke bayan layinmu muka faɗa masa abin da muke shirin yi. Mun zata zai ji haushin za mu hana shi ciniki, amma ko a jikinsa. Ya ce mu ɗaga gilashi har sama kafin mu fara, mu ɗauki hoton kowane abu da waya kafin mu cire shi, sannan duk inda roba ta ƙi fita kada mu sa mata ƙarfi, mu duba ko akwai sukurun da ba mu gani ba. Ya ara mana sifana lamba 10, ya ce kusan duk notin da za mu tarar a ƙofar motar Japan ita ce daidai da shi. Haka kuwa aka yi.

Matsalar farko ita ce buɗe ƙofar kanta, domin murfin da ke rufe ƙofa ta ciki ba ya ciruwa da daɗi in tana rufe. Gefunansa suna matse da kujera da jikin mota. Sa'ar da muka yi, lokacin da hannun ya ɓalle ya bar wani ɗan guntu a cikin ramin. Yatsa ba ya iya kama shi, amma filaya ta kama. Muka ja a hankali, muka ji ƙas, ƙofa ta buɗe. Abu na farko da muka yi shi ne mayar da maɓallin Auta inda yake.

Daga nan muka zare makullin mota, muka kwance kan batir mai alamar ragi, wato baƙin, muka ajiye shi gefe. Dalili biyu ne. Injin da ke ɗaga gilashi yana da ƙarfin da zai iya matse hannu in wani ya danna maɓalli hannunka yana ciki. Sannan motoci da yawa suna da na'urar jakar iska a cikin ƙofa ko kusa da ita, kuma wayoyinta galibi ruwan ɗorawa ne. Duk soket ɗin da kuka gani ruwan ɗorawa a mota, ku bar shi inda yake. Abu ɗaya da ya kamata a tambayi mai mota kafin a cire batir: wasu tsofaffin rediyon mota sukan nemi lambar sirri bayan an mayar da wuta.

Murfin ciki yana riƙe ne da sukurori kaɗan da 'yan maƙalai na roba. Sukurorin a ɓoye suke. A tamu motar guda uku ne: ɗaya a bayan hannun ciki, sauran a cikin ramin da ake kamawa a ja ƙofa, an rufe kawunansu da 'yan murafu. Muka zuba su a gwangwanin madara. Maƙalan kuwa suna jere a gefe da ƙasa, kowanne ya shige wani ɗan rami a jikin ƙarfen ƙofa. Ana naɗe bakin sukundireba da tsumma don kada ta kankare fenti, a zura ta dab da maƙali, a ɗan murɗa har ya yi ɓas. A nan muka yi ɓarnar farko. Mun zura ta tsakanin maƙalai biyu maimakon kusa da ɗaya, muka danna, biyu suka karye lokaci guda. Ba su da tsada, amma in aka mayar da murfi babu su, zai yi ta kaɗawa a kan hanya mai gargada har ya ishi kowa. Bayan maƙalan sun saki, ba a fizgo murfin waje. Sama ake ɗaga shi, saboda bakinsa na sama a rataye yake a gindin gilashi. Sannan a lallaɓa a cire soket ɗin maɓallin gilashi kafin a janye shi gaba ɗaya.

A bayansa akwai wata farar leda da aka manna da baƙin gam mai danƙo. Da yawa in sun zo nan yage ta suke yi su jefar, a ganinsu ledar kamfani ce kawai. Tana da aiki. In ana ruwan sama, ruwa yana bin gilashi ya shiga cikin ƙofa, ya fita ta wasu ƙananan huji da ke ƙasanta. Ledar ce ke hana shi jiƙa murfi da wayoyi da sifika. Muka ɓamɓare ta rabi, muka bar gam ɗin a wurinsa don mu sake mannawa. Da muka leƙa ƙasan ƙofar muka tarar ƙasa ta toshe hujin ruwan, har tsatsa ta fara. Tsinken tsintsiya ya wadatar.

Wurin da ya fi burge mu shi ne lokacin da muka haska tocila ciki. Shekara da shekaru muna buɗe ƙofar mota ba mu taɓa tambayar abin da ke faruwa tsakanin jan hannu da buɗewar ƙofa ba. Hannun da muke ja ba shi ke riƙe ƙofa ba. Kuba ce ke riƙe ta, tana can gefen ƙofa. A cikinta akwai wani ƙarfe mai juyawa kamar ƙugiya, wanda ke cafke wani lanƙwasasshen ƙarfe da aka ɗaure a jikin mota. Wani ɗan harshe mai sifirin ne ke tokare ƙugiyar don kada ta koma baya. Aikin hannun waje da na ciki duk ɗaya ne: su janye wannan harshe. Saƙon kuma yana zuwa ne ta wasu siraran sandunan ƙarfe da ba su kai kaurin fensir ba. A sababbin motoci sau da yawa kebul ake sawa, irin na birkin keke. Maɓallin da Auta ya tura kuwa, abin da yake yi kawai shi ne ya raba sandar hannun ciki da harshen, sai ka ja hannu ya tafi a banza.

Ƙugiyar tana da mataki biyu, shi ya sa in ka rufe ƙofar mota a hankali za ka ji ƙara sau biyu. In ta tsaya a matakin farko, ƙofa ta kama amma ba ta zauna ba, shi ne za ka ga fitilar gargaɗi a gaban direba. Da gangan aka yi haka, don ƙofar da ba a rufe da kyau ba kada ta wangale a kan hanya.

Ƙanwarmu ce ta fara lura cewa hannun wajen liba ne, irin wadda ake zana musu a darasin Fiziks. Yana juyawa a kan wata 'yar ƙusa. Ɓangaren da yatsu ke ja dogo ne, yana tafiya mai nisa da ƙarfi kaɗan. Ɓangaren da ke cikin ƙofa gajere ne, tafiyarsa kaɗan amma ƙarfinsa ya ninka. Ta ce sau uku ta amsa tambaya a kan wannan a jarrabawa, da mabuɗin kwalba da baro, ba ta taɓa sanin tana ja wa kanta misali kullum safe ba. Abin lura shi ne duk wannan ninkakken ƙarfi ta wani ɗan wuyan roba yake bi. Nan ne daidai inda namu ya karye.

Noti biyu ke riƙe da hannun daga ciki. Ɗaya a fili yake. Ɗayan sai ta wani rami a jikin ƙarfe, kuma hannunmu ya ƙi shiga. Da muka matsa sai bakin ƙarfen ya yanke mu a bayan hannu. Gefunan ramukan nan kaifi ne da su, wanda ke da safar hannu ya sa. Hannun ƙanwarmu ne ya shige, ita ta kwance shi, sai dai yana fita ya kuɓuce ya faɗa can ƙasan ƙofa. Mun kusa rabin sa'a muna nema, ƙarshe maganaɗisun wata matacciyar sifika muka ɗaura wa zare muka zura, ya fito da shi. Sandar da ta haɗa hannu da kuba kuma wani ɗan maƙali mai launi ne ke riƙe da ita. Ba a ɓalle shi. Juya shi ake yi gefe ya saki sandar, sannan a zare ta. Daga nan hannun ya fito ta waje. Ƙofar baya ta fi sauƙi domin babu ramin makulli a jikinta. A ƙofar direba akwai ƙarin sanda ta makulli. A wasu motocin kuma ba sai an cire murfin ciki ba sam, akwai wani sukuru mai kan tauraro a gefen ƙofa, bayan wata 'yar roba, shi kaɗai ake sassautawa hannu ya zame ya fito. Don haka a duba gefen ƙofa tukuna kafin a fara ɓamɓare-ɓamɓare.

Muka sa karyayyen a leda muka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda Kano ke sayen kayan mota. 'Yan Kaduna kuma Panteka za su nufa. Mai shagon farko da muka ce masa hannun ƙofar jif muke nema, sai ya ce, "Wace jif ɗin, samari?" Gaskiyarsa. Mu kowace doguwar mota mai tudu jif ce, alhali sunan ya samo asali ne daga Jeep, 'yar motar da sojojin Amurka suka fara amfani da ita a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Toyota RAV4 da ta fito a 1994 daban, Honda CR-V ta 1995 daban, kuma ko mota ɗaya ce, ƙirarta tana canzawa bayan 'yan shekaru. Hannayen ƙofa huɗun ma ba ɗaya ba ne: akwai na gaba da na baya, na hagu da na dama. Hagu da dama kuwa ana lissafa su ne kamar kana zaune a cikin mota kana kallon gaba, ba kana tsaye a gabanta ba. Mutane da yawa a nan suke sayen na ɗaya ɓangaren su dawo gida.

In ana shakkar shekarar mota, a duba lambar shasi. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, waɗanda su ne da yawa daga cikin 'yan kwatanon da ke titunanmu, na goma a jerin shi ke nuna shekara: Y na nufin 2000, 1 na nufin 2001, haka har 9 na 2009. Amma duk da wannan, babu abin da ya kai ka riƙe tsohon a hannu ka ɗora shi kan sabon, ka ga ramukan noti sun hau juna.

An ba mu zaɓi biyu: sabo fil a kwali, ko ɗan Beljiyam da aka ciro daga jikin wata motar. Masu shago sun fi yabon ɗan Beljiyam, wai shi ne na asali. Mu dai muka yi tunanin robar da ta shekara ashirin da wani abu ta tsufa, ko a jikin wace mota ta tsufa, muka ɗauki sabon, muka haɗa da maƙalai shida. Baƙi ne, motar kuma ruwan toka, amma ba mu ga abin damuwa a nan ba.

Ɗaurawa ba ta ɗauki minti ashirin ba, hotunan da muka ɗauka suka yi mana jagora. Noti dai a ɗaure shi ya zauna, kada a danne har robar ta tsage. Kafin mu mayar da leda da murfi, muka yi gwajin da dattijon ya koya mana: ƙofa tana buɗe, ka sa sukundireba ka tura ƙugiyar kuba ciki har ka ji ƙara biyu, kamar an rufe ƙofa ke nan, sannan ka ja hannu ka ga ko za ta saki. In akwai kuskure, gara ka gan shi ƙofa tana buɗe. Kuma kada a manta a saki ƙugiyar kafin a rufe ƙofa da gaske, in ba haka ba ƙarfe zai daki ƙarfe.

Ta saki, amma da ƙyar. Sai mun ja da ƙarfi har sabon hannun yana ɗan lanƙwasa. Muka ce ko jabu aka sayar mana. Muka koma wurin dattijo, ya biyo mu har gida, ya ja sau ɗaya, ya sa yatsa cikin kubar ya fito da wani baƙin abu kamar busasshen kwalta.

"Hannunku lafiya lau yake," in ji shi. "Kubar ce ta bushe. In kun rufe a haka, kafin damina ya sake karyewa."

Abin da ya faru shi ne, giris ɗin da aka sa wa kubar tun daga kamfani ya yi shekaru yana shan ƙurar hunturu har ya daskare. Kuba ta yi tauri, kowa ya riƙa ƙara ƙarfi wajen ja ba tare da ya lura ba, domin a hankali abin ke ƙaruwa. A ɗaya gefen kuma rana tana cin robar. Hasken rana yana tsinka ƙwayoyin da suka haɗa roba, shi ya sa bokitin da aka bari a tsakar gida yake koɗewa ya riƙa fashewa kamar ƙwai. Ku ƙara da zafin watan Afrilu da ke kaiwa digiri 40 a Kano. Ƙarfin ja yana hawa, ƙarfin roba yana sauka, ranar da suka haɗu sai ta karye a hannun duk wanda ya zo. Da Baffa ne ya ja a ranar, a hannunsa za ta ɓalle.

Muka fesa wa kubar man wanke tsatsa, muka goge da tsohon buroshin haƙori, muka bar ta ta tsane, sannan muka shafa sabon giris kaɗan a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Da muka sake gwadawa, yatsa biyu suka buɗe ta. Muka gwada hannun ciki, muka gwada maɓallin Auta a kunne da a kashe, muka mayar da batir muka ga gilashi yana hawa da sauka bai taɓa komai ba, sannan muka manne leda muka mayar da murfi. Sauran ƙofofi ukun ma muka bi su da mai ta gefe, ba tare da an kwance komai ba. Ta direba ta fi kowacce tauri, Baffa ya saba da ita ne kawai.

Ba muna cewa ku je ku fara kwance motar gida ba ne. Sai da izinin mai ita, kuma da babba a kusa. Birki da sitiyari da jakar iska ba wurin koyo ba ne, haka ma hannun sababbin motocin nan da ke buɗewa da an taɓa, domin akwai na'ura a cikinsu. Amma jin taurin ƙofa ba ya buƙatar sifana. Gobe in za ku shiga motar gida ko motar makaranta, ku ja kowane hannu da yatsa biyu, ciki da waje. Wanda ya ƙi, ku faɗa wa mai motar.

Da yamma Baffa ya fito ya buɗe ƙofar ya rufe har sau huɗu bai ce komai ba. Muka ba shi labarin kubar da abin da dattijo ya ce. Ya yi shiru, sannan ya aika a kira yaron da aka yi wa faɗa a hunturu.

"Ashe ba laifinka ba ne," ya ce masa. "Zo ka fara buɗewa."

Muna tattara kaya ne ƙanwarmu ta girgiza gwangwanin madara, muka ji ƙara. Sukuru ɗaya ya rage, na bayan hannun ciki. Sai da muka sake ɗauko sukundireba.

Mu haɗu a mako mai zuwa.